Idan motar ofishin jakadanci ta buge ka a Legas: yadda za ka bi haƙƙinka mataki-mataki

Tun da abin nan ya faru da ƙanina a titin Ozumba Mbadiwe mutane suke tsare ni da tambaya, a masallaci bayan isha'i, wurin mai shayi a Obalende, wasu ma daga Agege da Idi-Araba suke bugo waya, wai ya aka yi har aka biya shi alhali motar jakada ce ta buge shi. Haya yake yi da ƙaramar mota, wata jif mai lambar diflomasiyya ta sauya hannu ba sigina ta kwashe masa ƙofar baya da bamba, kuma duk wanda ya tsaya a wurin abu ɗaya ya ce masa, ka bar wa Allah, waɗannan ba a shari'a da su. Wannan maganar rabinta gaskiya ce, rabinta kuma ita ke sa talakawanmu suna asarar dukiyarsu a banza. Rigar kariya tana hana a kama wasu daga cikinsu, amma ba ta goge bashin ɓarnar da suka yi. Ga yadda muka bi, da abin da na ƙara fahimta daga baya.

1. Mintuna na farko a wurin

Fara duba rai, naka da na fasinja da na duk wanda abin ya shafa. In akwai rauni ka kira 112 ko 767, su ne lambobin gaggawa na jihar Legas kuma kyauta ne, ta hukumar kiyaye haɗurra wato FRSC kuwa 122 ce. In ba wanda ya ji ciwo to kar ka gusar da motarka ko taku ɗaya sai ka ɗauki hoto, ko da na bayanka suna ta danna hon suna zagi saboda gosulo. Hoton farko ya zama na lambar motarsu, gaba da baya, domin ita ce za ta iya ɓace maka cikin daƙiƙa goma. Sai hoton yadda motocin biyu suka tsaya a kan titi daga ɗan nesa yadda layin titi zai fito, sai wurin da ya lotse a taka da tasu, sai wata alama da ke nuna wurin, allon sunan titi ko gini ko fitilar hanya. In wayarka na da caji ka ɗauki bidiyo kana faɗin rana da lokaci da bakinka.

Gargaɗi a nan: kar ka taɓa jikin kowa, kar ka buɗe musu ƙofa, kar ka zare makulli, kar ka daki gilashi. Na san zuciya, mutum ya ga abin neman abincinsa ya lalace, amma da zarar ka sa hannu labari ya juya, kai da aka zalunta ka koma wanda ya kai wa jami'in ƙasar waje hari, kuma wannan babban laifi ne da zai sa a manta da motarka gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka in 'yan'uwa ko 'yan eriya suka taru za su taya ka faɗa, ka roƙe su su ja baya, ka ce abin da kake so daga gare su shaida ce. Ka karɓi lambar wayar mutum biyu da suka ga abin da idonsu, maigadin gidan da ke kusa ko mai kanti ya fi ɗan wucewa, don shi gobe ma za ka same shi a wurin.

2. Karanta lambar motar da kyau

Lambar motocinmu na yau da kullum farin allo ne da sunan jiha a sama, rubutu shuɗi na motar gida, ja na haya, kore na gwamnati. Ta diflomasiyya daban take, farin rubutu ne a kan allo mai launi kuma babu sunan jiha. Abin da za ka nema haruffan da ke tsakiya ne. CD na jami'an diflomasiyya ne, CMD na shugaban ofishin ne wato shi jakadan kansa, CC kuma na ƙaramin ofishin jakadanci ne. Lambobin da ke farko su ke nuna ofishin ƙasar da ke da motar, shi ya sa ko direban ya gudu, in dai ka riƙe lambar cif ba kuskure, ma'aikatar harkokin waje za ta iya gano mai ita, tunda ta hannunta ake bi kafin a ba da irin wannan lamba.

Ka rubuta ta a takarda ma, kar ka dogara da hoto kaɗai, ka haɗa da launin motar da ƙirarta. Ba duk baƙar jif mai jiniya da baƙin gilashi ba ce ta jakada, da yawa na manyan 'yan kasuwa ne ko 'yan siyasa da ɗan sanda a gaba, waɗannan ba su da wata rigar kariya ta diflomasiyya ko kaɗan. Akwai kuma masu liƙa lambar bogi ko tsohuwar lambar da ya kamata a ce an mayar. In lambar ta yi maka kama da ta jabu kar ka yi musu a titi, ka faɗa wa 'yan sanda su bincika.

3. Gano wanda ke riƙe da sitiyari

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan ɗan tsaya. Mutane suna ɗauka lambar ce ke da kariya, duk wanda ya shiga motar ya zama ba a taɓa shi. A'a, kariyar mutum ta danganta da matsayinsa ne, kuma kashi uku za ka iya haɗuwa da su.

Na farko direba ɗan Najeriya da ofishin ya ɗauka aiki, kuma wallahi mafi yawan motocin nan da kake gani a Ikoyi da Victoria Island irinsu ne ke tuƙawa. Shi ɗan ƙasa ne kamarka, ba ya da irin rigar da maigidansa ke da ita, ana iya tambayarsa lasisi, ana iya kiransa caji ofis ya ba da bayani. Wanda ya buge ƙanina ma irin wannan ne.

Na biyu jami'in ƙaramin ofishin jakadanci. Tun da aka mayar da babban birni Abuja a 1991 manyan ofisoshin jakadanci suka koma can, abin da ya rage a Legas galibi ƙananan ofisoshi ne, irin waɗanda ke jere a Walter Carrington Crescent. Su yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Vienna ta 1963 ce ke kansu, kuma kariyarsu ba ta kai ta jakada ba. Sashe na 43 ya ce kariyar tana kan aikin ofis ne, sannan ya fito ƙarara ya cire batun hatsarin mota, wato wanda aka yi wa ɓarna da mota yana iya neman diyya a kotu. Sashe na 56 kuma ya wajabta musu bin dokar inshorar ƙasar da suke zaune. Wannan ka riƙe shi da kyau domin mutanen Legas ya fi shafa.

Na uku cikakken jami'in diflomasiyya da iyalinsa, waɗanda yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta rufe. Wannan kam ba a kama shi, ba a tsare shi, kuma kotun Najeriya ba za ta saurari ƙararka a kansa ba kan hatsarin mota sai in ƙasarsa ce da kanta ta cire masa rigar. Wasu da ke aiki a Legas ma an yi musu rajista da wannan matsayin, don haka kar ka yanke hukunci da ganin lamba kawai, katin shaidar da ma'aikatar harkokin waje ta ba shi ne ke nuna matsayinsa. Amma ko shi ɗin, sashe na 41 ya ce dole ya mutunta dokokin ƙasar da yake ciki, har da dokar hanya da ta inshora.

To ka matsa cikin ladabi, ka gaisa, ka ce oga ko ranka ya daɗe, ina son sunan ofishinku da sunan kamfanin inshorarku da lambar wanda zan kira. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Da yawansu an ba su umarnin kada su fito daga mota in mutane suka taru, wasu ma an ce su wuce ofis kai tsaye su ba da rahoto, saboda haka in ya sauke gilashi kaɗan ya miƙo kati ya ja mota kar ka bi shi a guje, katin da lambar sun ishe ka.

4. Kar ka karɓi kuɗin bakin titi

Wannan kuskuren shi ya fi cin mutanenmu. Direban zai ji tsoron kar a kore shi daga aiki, sai ya zaro dubu goma ko ashirin daga aljihunsa ya ce mu kashe maganar a nan. Kai kuma ka ga kuɗi a hannu ka karɓa, gobe ka je wurin bakanike da mai gyaran jiki da mai fenti su yi maka lissafin da ya ninka wannan sau goma, ka dawo ka ga ba ka da bakin magana. In har ɓarnar ƙarama ce ƙwarai kamar madubi kuma ka san kuɗinsa, to wannan ra'ayinka ne. Amma in ta wuce haka, ko akwai wanda ya bugu a jiki, kar ka karɓa, kar kuma ka sa hannu a wata takarda da ba ka karanta ba ko ba a fassara maka ba. Ciwon ciki da na kai sau da yawa sai washegari suke bayyana.

5. Asibiti, in akwai rauni

A kai mara lafiya asibiti mafi kusa ba tare da jiran kowa ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Duk abin da aka biya a karɓi rasit, kati, hoton ƙashi, magani, jini, har kuɗin motar da ta kai shi in zai yiwu. Kafin a sallame shi a nemi rahoton likita a rubuce mai hatimi wanda ya faɗi irin raunin da ranar da aka kawo shi. Na san da yawanmu in karaya ce wurin mai ɗori muke nufa, ban hana ba, amma a fara zuwa asibiti a samu hoto da takarda, saboda kamfanin inshora ba ya biya da maganar baki.

6. Rahoton 'yan sanda

Ranar da abin ya faru ka je caji ofis ɗin da ke kula da yankin, ka nemi sashen haɗurran mota da suke kira MTD. Jami'an LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci na jihar Legas, da ke wurin za su iya taimakawa wajen buɗe hanya da kiran janwe, kuma shaidarsu tana da amfani, ka riƙe sunan wanda ya zo, amma takardar da inshora ke nema ta 'yan sanda ce. Ka ba da bayani yadda ya faru ba ƙari, ka tabbatar an rubuta lambar motarsu daidai, in da hali a je wurin a zana taswirar hatsarin, sannan a sa jami'an duba lafiyar motoci wato VIO su duba motarka kafin ka taɓa gyara.

In ba ka jin Turanci sosai ka tafi da wanda yake ji, a karanta maka abin da aka rubuta kafin ka sa hannu. Mu da muka je, jami'in da muka samu da farko yana jin an ce lambar diflomasiyya sai ya ajiye biro ya ce ba abin da za su iya. Na ce masa yallaɓai ba kama kowa muka zo a yi ba, rahoto kawai muke so a rubuta, sai ya ɗauki biron. Ka sani ita motar babban ofishin jakadanci ba a bincikenta ba a kwace ta, don haka kar ka ɓata lokaci kana cewa sai an kawo ta an ajiye. Za ka kashe kuɗi a nan, na janwe, na wanke hotuna, na fotokwafi, na zirga-zirga, duk wanda ake ba da rasit ka karɓa ka adana don a sa a lissafi.

Kuma kafin ka je ka duba naka takardun. Lasisi, takardun mota, inshora. Tun 1 ga Janairun 2023 inshorar da doka ta wajabta ta koma naira 15,000 a shekara ga motar gida, 5,000 ga keke, 3,000 ga babur. In taka ta ƙare ko ta bogi ce, maganar za ta iya juyowa kanka.

7. Inshora, inda kuɗin yake

Yawancin irin wannan magana a nan take ƙarewa, ba a kotu ba. Ita inshorar dole ta motar gida tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, rauni da rasa rai kuma lissafinsu daban ne. Ka je wurin bakanike ya rubuta maka kiyasin gyara a takarda mai sunan garejinsa, kayan da za a saya daban kuɗin aiki daban, in ka samu biyu daga gareji biyu ya fi. Kar ka ce masa ya ƙara kuɗi, kamfanin zai turo nasa mai dubawa, in suka ga ƙari sai su fara shakkar komai.

Haɗa fayil guda: hotuna, rahoton 'yan sanda, na VIO, kiyasin gyara, rasit na asibiti, kwafin lasisinka da takardun motarka. Kwafi za ka riƙa bayarwa, na asali ya zauna a hannunka. Kar ka gyara motar sai sun gani ko sun ba ka izini a rubuce, na san wannan da ciwo ga wanda da ita yake ci, ƙanina sai da ya yi kusan wata biyu yana karɓar motar wani yana biyan balas, amma da ya gyara da wuri da ba abin da zai nuna. In motar ta haya ce ka rubuta kwanakin da ta yi a ajiye da abin da ka saba samu a rana, ka sa a cikin buƙatarka, ko ba su biya duka ba ya zama abin ciniki.

8. Wasiƙa zuwa ofishin nasu

Kar ka je ƙofarsu ka tsaya kana ɗaga murya, masu gadi ba za su bar ka ka wuce ba kuma ba su da ikon yanke komai. Rubuta wasiƙa da Turanci, shafi ɗaya, zuwa ga shugaban sashen gudanarwa na ofishin. Ka faɗi rana, lokaci, wuri, lambar motarsu, abin da ya lalace, caji ofis ɗin da ka kai rahoto, sannan ka nemi su haɗa ka da kamfanin inshorarsu, ka ba su mako biyu. Ba zagi, ba barazana. Ka yi kwafi biyu, ka ba da ɗaya a ƙofa, ɗayan a buga maka hatimi ko a sa hannu da kwanan wata cewa an karɓa. In sun ƙi karɓa ka aika ta kamfanin kai saƙo ka riƙe rasit, ka kuma tura ta imel ɗin da ke shafinsu. Mu a wannan matakin aka kira mu, kwana tara bayan kai wasiƙa.

9. In sun yi shiru, ma'aikatar harkokin waje

Duk wata hulɗa tsakanin hukumomin Najeriya da ofisoshin jakadanci ta wannan ma'aikatar take bi, hedikwatarta na Abuja, kuma sashen furotokol ne ke kula da rajistar jami'an da motocinsu. Ka rubuta musu ƙorafi ka haɗa da kwafin fayil ɗinka da wasiƙar da aka yi banza da ita. Su ne za su tabbatar ko mutumin yana da kariya da gaske, su ne za su rubuta wa ofishin a hukumance, kuma in abin ya kai ga rasa rai gwamnati na iya neman ƙasarsa ta cire masa rigar ko ta ce ba ta buƙatarsa ya bar ƙasar. Ana cirewa kuwa, a 1997 ƙasar Jojiya ta cire wa wani babban jami'inta bayan ya kashe wata yarinya da mota a Washington, aka yi masa shari'a a Amurka aka ɗaure shi. Sai dai wannan hanya tana da jinkiri, sai ka riƙa bibiya, duk zuwa ka rubuta sunan wanda ka gani da ranar. In kana da shugaban ƙungiyar direbobi ko sarkin Hausawan unguwarku, wasiƙar goyon baya daga gare su tana ƙara wa fayil nauyi.

10. Lauya

In rauni ne babba, ko mutuwa, ko kuɗin ya yi yawa, kar ka jira sai mataki na tara, ka nemi lauya tun makon farko. Wanda ba shi da hali ya je ofishin kare talakawa na jihar Legas da ake kira OPD ko hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, ba sa karɓar kuɗin lauya. Dalilin da ya sa nake cewa lauya, Najeriya tana da tata dokar kariyar jami'an diflomasiyya ta 1962 wadda kotunanmu ke dubawa, kuma sanin wa za a kai ƙara, direba ne ko jami'i, da yadda za a jawo kamfanin inshora cikin maganar, aikin masani ne, in ka kai wanda ba a iya kaiwa sai a kori ƙarar ka yi asarar kuɗi da lokaci. Kuma ƙarar diyya tana da wa'adi a doka, kar a ajiye ta shekaru ana cewa sai an gama jinya.

11. In babur ne, ko kai ne da laifi

Wannan dole in faɗa saboda 'yan'uwanmu 'yan acaɓa. Tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa da Lagos Island, wato daidai yankin da motocin nan suka fi yawo. In aka buge ka a kan babur a Ikoyi ko Victoria Island, zuwa caji ofis na iya jawo a kwace babur ɗin, shi ya sa da yawa suke tashi da rauni su gudu. In raunin babba ne kar tsoron babur ya hana ka asibiti da rahoto, amma ka fara ganin lauya ko shugabannin ƙungiya su raka ka.

In kuma kai ne ka buge su, kar ka gudu, sun riga sun ɗauki lambarka kuma yankin cike yake da kyamarori. Ka tsaya, ka ɗauki hotuna kamar yadda na faɗa a sama, ka ba su sunan kamfanin inshorarka, ka sanar da kamfanin a ranar.

Wanda kuma bai kai ga hatsari ba, ka dai ga motar tana bin hannun da ba nata ba ko ta keta jan wuta ko ta tura mutane gefe, ka ɗauki bidiyo daga inda kake tsaye in ba tuƙi kake ba, lambar ta fito sosai, ka tura wa FRSC da shi ofishin da rana da wuri. Kar ka bi ta, kar ka tare mata hanya, kar kuma ka ɗauki hoton ginin ofishin jakadanci ko ƙofarsa, masu tsaron wurin suna iya tsare ka a kan wannan kaɗai.